Walida Ba Fangalin Shinkafa Ba Ce

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙarfin jiki? Na kasa kunne ban ji ana koke-koke ba, na ce ashe yau ma kin tashi."

"Na tashi, mai ƙafar zalɓe, kuma sai na ci tuwon sunan jikanka. Ina gajiya? Kodayake wace gajiya ke ga mutumin da sana'arsa ya buɗe ruwa ya zauna yana kallonsa?"

Haka suke gaisawa, Suhaibu da kakarsa Rekiya, tun yana yawo ba wando. Ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsa, a gidan nan na bakin kanal ɗin ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure. Hantsi ne ranar Asabar. Tsohuwa na zaune gefen tukunyar shinkafar da take turarawa, ga jaririya a cinyarta tana tsala kuka kamar ana yankan ta. Shi kuwa daga gona yake, laka har gwiwa. Ya bar ruwa na gudu a fangalin shinkafarsa ya taho, don zuciyarsa ta ƙi zama.

Jaririyar 'yarsa ce, kwananta ashirin da huɗu a duniya. Sunan tsohuwar ta ci, ana kiran ta Walida. Uwarta Rahma tana kwance a asibiti a birni tun ranar haihuwa. Aiki aka yi mata, zazzaɓi ya biyo baya, da aka kwana goma likita ya ce a tafi da yarinya gida a riƙa ba ta madara. Ranar da zai taho da ita, Rahma ta riƙe masa bakin riga ta ce, "In na dawo, in same ta a ɗakina." Ya ce to. Ga shi shekaranjiya an ɗora Walida a sikeli a asibitin gari ba ta ƙaru ba, har gwaggon Rahma ta aiko daga Madobi cewa in Alhamis ta zagayo sikeli bai motsa ba, za ta zo ta ɗauke ta. Wallahi tun da saƙon nan ya iso Suhaibu bai ci abincin kirki ba.

Ya leƙa fuskar 'yar ya ce, "Me kika yi mata take wannan ihu? Ko ta buɗe ido ne ta gan ki?"

"Fuskata ta fi ta ubanta, da ta yi kama da tumatirin da ya kwana uku a kwando. Yunwa take ji."

"Yunwa? Haba tsohuwa, ki ji tsoron Allah! Da asuba na cika mata bulumboti har wuya. Sai da na ga ƙarshensa na fita."

"Kai ka ga tafiyarsa, ni na ga dawowarsa. Duba zanena. Ko gadar kanal ba ka kai ba ta maido maka da kayanka."

"Ai takwararki ce. Ku dama ba ku iya cin arziki ba."

"La ilaha illallahu! A ba ka jaririya ka mayar da ita fangalin shinkafa? Ka sako mata da asuba ta cika maƙil, ka toshe, ka yi tafiyarka, sai azahar ka dawo ka sake sakowa. Kai da kakanka duk ɗaya kuke, laka ce cike da kanku."

Suhaibu ya sosa ƙeya, don ta faɗi gaskiya. Da farko yana gida, yana bin yadda aka ce. Da dashe ya kankama, rabon ruwa kuma ya zo kan layin gonakinsu, sai ya zauna ya yi wa abin dabara irin ta manomi. Amma ya amsa laifi a gaban tsohuwa? Ina!

"To ke me kika sani a madarar gwangwani? A zamaninku ko gwangwanin ba a ƙera ba."

"Tara na shayar, har da ubanka mai haɗama, ban taɓa ganin wanda ya sha na yini guda a zama ɗaya ba. Cikin nan nata bai wuce ƙwan kaza ba. Me malamar asibiti ta ce maka? Faɗa mini, in kunnen naka bai toshe ba."

"Ta ce ruwa zuwa layin casa'in na jikin bulumboti, madara cokali uku a shafe. Kamar duk bayan awa uku. Sau takwas ke nan, dare da rana."

"Kai kuma sau nawa kake yi?"

"Uku. Amma manya! Ai lissafi ne, tsohuwa, ke ba ki yi boko ba. Takwas ƙanana, uku manya, duk ruwa ɗaya ne ke shiga gona."

"Allah ya shirye ka. To yau zan dafa maka tuwon kwana uku, in ɗura maka shi yanzu, kada ka sake neman abinci sai Talata. Ai lissafi ne."

"In ta yi kuka a tsakani, me ya hana ki dama mata?"

"Da me? Da ɗan yatsana? Ina cokalin? Ina gwangwanin?"

Hannunsa ya kai aljihu da kansa. Ɗan cokalin awon madarar yana nan, tare da mukullin kabad ɗin Rahma inda yake kulle gwangwanin. Da su yake zuwa gona kullum.

Ya ce, "Ni in bar miki? Ranar nan da idona na kama ki da ludayin koko kina nufo ta."

"Da koko na rene ka, marar godiya."

"Shi ya sa ƙafata ta zama ta zalɓe. Malama ta ce ko ruwa kada a ba ta tukuna, madara kawai. Sannan ke layin ma ba gani kike ba. Jiya fa turmi kika tsaya kina gaisarwa, kina zaton maƙwabcinmu Malam Iliyasu ne."

"Turmin ya fi Malam Iliyasu amsa gaisuwa."

Ya tuntsire da dariya, amma kukan Walida ya katse shi. Ta tura ɗan hannunta a baki tana tsotsa, tana juya kai tana nema. Tsohuwa ta jijjiga ta, ta ɗago ido, muryarta ta ɗan sauka.

"Maigida, tambaya zan yi maka. Irin tumatirin da kake reno a bayan ɗaki, kanal kake sako masa?"

"Haba, ai sai ya kwanta ya ruɓe. Yayyafi ake masa da gwangwani mai huji, kaɗan-kaɗan, a dawo a sake."

"To?"

Ya dubi Walida. Kai, wannan tsohuwa! Shekara goma yana renon iri bai taɓa kashe ko fangali ɗaya ba, ga shi ya zo kan 'yar cikinsa ya manta abin da hannunsa ya sani. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya.

Tsohuwa ta zaro baƙin zare daga gefen zanenta ta miƙa masa. "Ungo. Ɗaure shi a kan layin naka na casa'in. Lamba ce ba na gani, baƙin zare kuwa ko a mafarki na gan shi. Ka tafasa ruwa ka cika mini fulas, ka wanke bulumbotin ka dafa shi kafin ka fita. Shafe cokali kuma kada ka koya mini. Ina shafe mudun shinkafa tun ubanka bai yi haƙori ba."

"Kokon fa?"

"Na shanye abina. Ita ta yi asara."

"Rantse."

"Ka ga ɗan banza, yau ni ake rantsarwa a gidan mijina! Na rantse. Jeka wanke wannan hannun, kamar ka tono gawa."

Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Ya ɗaure zaren, ya zuba tafasasshen ruwa daidai kansa, cokali uku a shafe, ya girgiza, ya sanyaya a kwanon ruwa, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji ɗumin ya yi. Tsohuwa ta karɓa ta ɗan tada kan yarinyar ta sa mata a baki. Walida ta ja sau biyu, sau uku, sai ta saki ta kau da kai, ta sake ɓarkewa da kuka.

Suhaibu ya kai hannu zai tura mata, tsohuwa ta make shi.

"Kul! Ba a yi mata dole. Da haka kuka ɓata tun farko."

"To yunwar ce ko ba ita ba? Ga madara ta ƙi. Tsohuwa, Alhamis fa saura kwana biyar."

"Ba madarar take ƙi ba. Ni warin hayaƙi, kai warin laka. Wa zai ci abinci a tsakanin mu? Uwarta take nema. Jeka ɗauko mayafin."

"Wane mayafi?"

"Mai ruwan toka, wanda aka naɗo ta a ciki daga asibiti. Wanda na ce a kawo in wanke, ka ce ya ɓata."

"Ai ya ɓata."

"Ya ɓata a cikin rigar matashinka. Idona ne ya mutu, angona, hancina na nan da ransa. Kuma ni ke share ɗakin."

Suhaibu ya sunkuyar da kai yana kallon lakar ƙafarsa. Mako biyu ke nan mayafin nan yake sa shi barci. Ƙanshin man da Rahma ke shafawa yana nan a jikinsa, ya fara dushewa, shi ya sa ko fito da shi ba ya son yi, kada iska ta kwashe sauran. Kewarta yake, kewa mai tsanani, irin wadda ko a waya bai iya gaya mata ba. In sun yi magana sai ya ce komai lafiya, shinkafa ta yi kyau.

Ya ce, "Ke dai mayya ce. Na daɗe ina faɗa ba a yarda ba."

"Mayya ce ta goya ka. Tashi."

Ya shiga ɗaki ya fito da shi a ninke, ya riƙe da hannu biyu. Tsohuwa ta warware ta yafa a kafaɗarta, ta kwantar da kuncin Walida a kai. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta goga hanci a jikin mayafin, kukan ya koma ƙunƙuni. Da aka sake kai mata bulumboti sai ta kama. Tana ja tana hutawa, tana ja tana hutawa, ɗan hannunta ya damƙe gefen mayafin. Tukunyar shinkafa na ta huci a gefe.

Can ta saki da kanta, bakinta ya yi sako-sako, hannun ya buɗe.

Ya yi raɗa, "Saura kaɗan fa. Ko a ajiye mata?"

"Zubar. Ta ce ta ƙoshi, kai ne ba ka jin yarenta. In an jima za ta kira, sai a dama sabo." Ta ɗora ta a kafaɗa tana shafa bayanta, har ta yi gyatsa. "Ka ji ko? Irin ta ubanta, ba ladabi. In kana son sanin ruwa ya isa gona, ka riƙa ƙirga tsummokin fitsarinta da nake shanyawa. In sun kai shida a yini, je ka yi barcinka."

Suhaibu ya yi dariya. Ya zaro cokalin da mukullin ya ajiye mata a cinya.

"Ungo, tsohuwa. Kin ci ni. Ga gona ga ruwa, ke ce sarkin noma."

"Yau ka sani?"

Ya miƙe zai tafi, amma idonsa na kan mayafin. Ta gan shi sarai, duk da makantar da yake mata gori.

"Da rana nata ne. In ta yi barci a maido maka, ku riƙa karɓa-karɓa kamar ruwan layinku. Kuma ka daina sunkuyar da kai. Hular kakanka tana ƙasan akwatina shekara goma sha tara, ban taɓa sa mata ruwa ba. Kai taka za ta dawo ta karɓi abinta."

Ya share ido da bayan hannu, ya fita zaure, ya ciro waya ya kira asibiti. Da aka miƙa wa Rahma bai yi zancen shinkafa ba.

"Ta sha," ya ce. "Ta kusa shanyewa. Tana ɗakinki, muna jiran ki."