Sallau a Gidan Gem

A ƙauyen Gidan Bagudu an yi wani saurayi ana ce masa Sallau. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Ƙarfi gare shi kamar sa, zuciyarsa kuwa fara tas. Aibinsa guda ne: duk maganar da ta shiga kunnensa, yadda aka faɗe ta haka yake ɗaukarta, ba ya juya ta ya leƙa bayanta. Su uku ne a gidansu: shi, da mahaifiyarsu Iya Tabawa mai daddawa, da wansa Haladu. Shi Haladu ya daɗe yana acaɓa a birni. Da ya gaji, sai ya sayar da babur ɗinsa, ya dawo gida da talabijin da sola da wata baƙar na'ura ta wasan kwamfuta, mai hannaye biyu da ake riƙewa ana dannawa. Ya share zauren gidan, ya jera benci. Kafin a ankara samarin garin sun raɗa wa zauren suna gidan gem, kullum a cike, ihu har bakin kasuwa.

Iya ta ce, "Haladu, ka ja ƙaninka cikin sana'ar nan, ko shara ya riƙa yi maka."

Haladu ya amsa da to, ba don ransa ya so ba.

Wata rana gardama ta kaure a zauren. Ɗayyabu tela yana riƙe da hannun wasa yana buga ƙwallo, yana cewa, "Wallahi duk duniya babu kamar na ƙwallo! Ku dubi yadda ciyawa take motsi! Ku ji 'yan kallo!" Hambali mai faci ya ce, "Kai, rufe mana baki! Na yaƙi shi ne wasan maza. Ka ji ƙarar bindigar nan har cikin haƙarƙarinka!" Wasu suka ce na tseren mota, wasu suka ce motar ba ta jin birki. Haladu yana so ya san wanda zai ƙaro irinsa, sai ya ce, "Sallau, zagaya ka ji mini ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya." Sallau ya ajiye tsintsiya, ya je ya kama haɓar Ɗayyabu, ya buɗe masa baki, ya manna kunnensa a kai. Ɗayyabu ya daina ganin talabijin, nan take aka zura masa ƙwallo a raga. Zaure ya ɗauki sowa. Sallau bai kula ba, ya wuce kan Hambali, ya wuce kan na gaba, har ya kai ƙarshen benci, sannan ya dawo.

"Yaya, na ji. Bakin Ɗayyabu albasa, na Hambali rake."

"Me suka ce game da wasan?"

"Duk bakinsu ɗaya, Yaya. Kowa cewa ya yi, matsa ka ba ni wuri."

Wata rana kuma Haladu ya saka musu wani sabon wasa, na noma. Mutum ya yi huɗa, ya shuka, ya jira tsiro. Samari suka zuba ido. Can Hambali ya ce, "Haladu, daga gona fa muka taso. Mu baro fartanya a gida mu zo mu tarar da ita a talabijin?" Aka kwashe da dariya. Ɗayyabu ya ce, "Ni ba noman ne ya dame ni ba. Wasan lami ne, ba gishiri, ba yaji." Maganar ta tsaya wa Sallau a rai, don ya ga fuskar wansa ta canza. Da aka tafi sallar azahar, sai ya shiga ɗakin Iya ya ɗebo gishiri da dakakken yaji da ƙullin daddawa, ya murje su, ya barbaɗe hannayen wasan sama da ƙasa, ya tura sauran cikin ramukan madannai da tsinke don ya ratsa. Aka dawo, Ɗayyabu ya ɗauki hannu ya fara wasa, gumi ya keto masa, ya sa yatsa ya share ido. Sai ga tela yana tsalle a tsakar zaure yana kiran ruwa, Hambali yana atishawa ba ƙaƙƙautawa.

Sallau ya matso yana murmushi. "Yanzu fa? Ya ji, ko in ƙaro?"

Daga cikin gida aka jiyo muryar Iya tana tambayar wanda ya taɓa mata daddawar sayarwa. Haladu ya wuni yana goge madannai da tsumma, yana hawaye, ba a san na yaji ne ko na takaici ba.

Wata rana, ita ce babbar, Hambali ya shawo kan Ɗayyabu ya gwada na yaƙi. Wasa ya yi wasa, kowa ya miƙe tsaye. Ɗayyabu ya laɓaɓo ta bayan wani gini ya sakar wa Hambali wuta. Hambali ya dafe kai ya kurma ihu, "Wayyo, an kashe ni! Ɗayyabu, ka kashe ni ta baya!" Sallau yana ƙofar gida yana ba ragon gidansu dusa. Yana jin haka ya yar da kwano, ko leƙawa bai yi ba, ya zuba da gudu sai gidan su Hambali. Ya tarar da matarsa Hansai tana tankaɗe.

"Hansai, sai haƙuri. An kashe Hambali."

Rariya ta faɗi. "Wa ya faɗa maka?"

"Shi da kansa."

Hansai ba ta ji wannan ba, don ta riga ta ɗora hannu a ka. Maƙwabta suka fito. Ƙannen Hambali suka tambayi wanda ya yi kisan, Sallau ya ce, "Ɗayyabu tela, da bindiga, ta baya." Suka zari gora da taɓare. Mata na kuka a baya, maza na huci a gaba, rabin gari ya nufo gidan gem, Sallau yana ja musu gaba. Suka danno kai cikin zaure. Ga mamaci da wanda ya kashe shi kafaɗa da kafaɗa a kan benci, suna shan rake ɗaya. Daidai lokacin Hambali ya sake buga cinya, "Kash! Ka kuma kashe ni!"

Sallau ya waiwayi jama'a. "Kun ji ko? Har ya ƙara."

Hansai ta ratsa mutane, idonta jawur, ta kama kunnen mijinta ta miƙar da shi. Wani mai tsautsayi ya ce, "Hansai, ai wasan ne da daɗi." Ta ce, "Daɗinsa ya ci gidansu!" Ta ja abinta suka fita. A yammacin nan mai gari ya aiko aka kira Haladu, ya ce masa idan aka sake tayar da hankalin gari a kan mutuwar talabijin, zai sa a garƙame zauren. Haladu ya bi gida gida yana ba da haƙuri.

Wata rana Haladu ya ga tsawa ba ta yi, sai ya zaunar da ƙaninsa ya yi masa bayani cikin lallami. Ya ce, "Sallau, wannan sana'ar ita ce abincinmu. Kuma sirrinta guda ne. Wasa mai kyau shi ne wanda zai ɗaure mutum a kan benci ya kasa tashi." Sallau ya gyaɗa kai, ya ce ya gane sarai. Da rana aka saka tseren mota, samari suka cika dogon benci, kowa yana karkata jiki idan mota ta sha kwana, ana ihu, "Taka ta! Taka ta!" Ba wanda ya lura da Sallau yana rarrafe a ƙarƙashinsu da igiyar guga, yana zagaya ta ta cikin mazagin wando da gefen riga yana ƙullewa. Ladan ya kira la'asar. Samari suka yunƙura gaba ɗaya, benci ya tashi da su. Na dama ya ja, na hagu ya ja, suka nufi ƙofa a jere, benci ya tokare a bakin zaure, suka zube a kan juna kamar buhunan gero.

Sallau ya tafa hannu. "Yaya, zo ka gani! Wasan ya yi kyau, ko mutum ɗaya bai iya tafiya ba!"

Wata rana, ranar kasuwa, wani ɗan birni mai suna Sagiru ya sauka da jaka a kafaɗa da baƙin gilashi a goshi. Ya fito da wata farar na'ura tana ƙyalli, ya ce sabuwar fitowa ce, ko a birni ba kowa ya gan ta ba. Ya jona ta da talabijin. Ƙwallo ce, amma 'yan wasan kamar ka kira su su amsa, har gumin goshinsu ana gani. Sagiru ya riƙe hannu ɗaya, ya miƙa wa Haladu ɗaya. Haladu ya hau dannawa, ɗan wasa ya yanke mutum biyu ya narka ƙwallo a raga. Ɗayyabu ya haye benci yana ihu, "Wannan shi ne wasa! Duk na baya shirme ne!" Hambali, wanda ya fi kowa kushe ƙwallo, ya ce, "Na tuba! Haladu, kar ka bari ta fita garin nan!" Sagiru ya yi maza ya kashe ta, ya ce kada ta yi zafi. Ya ce sauri yake yi, zai bar ta idan aka ba shi tsohuwar na'urar, a haɗa masa da ragon da ya gani a ƙofa. Ragon nan shi kaɗai ya rage wa gidan. Haladu ya dubi rago, ya dubi farar na'ura, zuciyarsa ta riga ta tafi. Don dai ya cika sharaɗi ya ce, "Sallau, yi gudu ka kira mini waɗanda suka fi kowa iya wasa a garin nan, su gwada sau ɗaya mu rufe ciniki." Yana nufin wasu samari biyu na bayan masallaci.

Sallau ya fita. Aka jira, aka jira. Can sai ga shi yana tafe a hankali, riƙe da hannun wasu tsofaffi biyu: Baba Gwadabe da Baba Cindo, waɗanda tun kafin a haifi Haladu suke buga dara a gindin tsamiya, ba a taɓa cin su ba sai dai su ci juna.

Haladu ya dafe goshi. "Sallau, su wa na ce ka kira?"

"Waɗanda suka fi kowa iya wasa, Yaya. Ka tambayi duk garin."

Ba dama a kori dattawa. Aka ba su wuri. Sagiru ya yi dariya, ya kunna, ya miƙa wa kowannensu hannu. Baba Gwadabe ya juya abin sama da ƙasa, ya ce, "Bari in fasa goro tukuna, ba na wasa da baki a bushe." Ya ajiye hannun a kan tabarma. Baba Cindo ya ce, "To ni ma ba na fara wasa abokin karawata bai shirya ba." Ya ajiye nasa. Suka shiga laluben aljihu.

A talabijin kuwa wasa bai tsaya jiran goro ba. Ɗan wasa ya karɓi ƙwallo, ya yanke mutum biyu, ya narka ta a raga.

Baba Gwadabe ya ɗago. "Wa ya ci?"

Sallau ya yi tsalle. "Kai ne, Baba! Ko taɓawa ba ka yi ba!"

Samari suka katse ihun da suka fara. Ɗayyabu ya sauko daga benci a hankali. Ya ce, "Ku tsaya. Wannan ai ita ce ƙwallon da Haladu ya ci ɗazu. Mutum biyun nan ne, kusurwar nan ce." Hambali ya ɗauki hannayen biyu ya danna duk abin da ke jikinsu, ya saki, ya sake dannawa. 'Yan wasa suka ci gaba da harkarsu, ba ruwansu da shi. Ashe ba na'urar wasa ba ce, hoton wasan wani ne aka naɗa yake maimaita kansa, hannayen kuwa ado ne.

Baba Cindo ya tauna goronsa ya ce, "Yaro, mu a wajenmu idan mutum bai sa hannu ba, ba a rubuta masa ci. Wannan naku ko gawa aka zaunar sai ta yi nasara."

Aka waiwaya neman Sagiru, sai aka hango shi ya kusa bakin kasuwa, gilashi a hannu, yana haɗawa da gudu. Ko jakarsa bai tsaya ɗauka ba. Rago yana nan a turkensa yana tuƙa.

Haladu ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana kallon tsohuwar baƙar na'urarsa. Sannan ya kamo hannun ƙaninsa a gaban kowa, ya ce, "Sallau, yau kai ka rufa mini asiri."

Sallau ya dube shi sama da ƙasa, bai ga inda ya rufe ba. Ya shiga gida da gudu, ya fito da babban bargon Iya, ya lulluɓe wansa tun daga kai har ƙafa, ya danne gefe da gefe da duwatsu.

"Yanzu ne ya rufu, Yaya. Ɗazu da saura."

Samari suka tsaya suna jiran tsawa. Bargo ya fara girgiza. Can daga ciki aka jiyo Haladu yana dariya har da shessheƙa, yana cewa, "Ku ƙyale shi. Ku bar ni a haka tukuna."