Ranar da Tasi'u Ya Ɗaura Kambun Kyaftin

Duk wanda ya zauna a unguwar su Tasi'u, sai ya fara sanin bakinsa kafin ya san fuskarsa. Ɗan ajin ƙarshe ne a wata sakandare ta bayan gari, kuma yana cikin ƙungiyar ƙwallon makarantar. To, yana ciki dai. Amma tun da ya shiga, babu wanda ya kai shi sanin benci. Wurin zamansa har ya yi santsi, ya lotsa daidai shi.

Sai ka same shi da yamma a teburin mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ni ba na gudu a banza," in ji shi. "Malam ajiye ni yake yi saboda manyan wasanni. Daga benci nake juya yaran nan. In na ɗaga gira, ɗan baya ya san abin yi."

A ce masa, "Ba Rayyanu ne kyaftin ba?"

"Wa ya koya masa? Ku je ku tambaye shi!"

Babu mai tambaya, don Rayyanu ba mai magana ba ne, ƙafarsa ce take yi masa bayani. Mutum ɗaya tak ya yarda da Tasi'u har zuci: Kawu Sallau, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Shi bai taɓa zuwa fili ba, amma ko'ina ya zauna sai ya ce, "Ɗana ne shugaban 'yan ƙwallo."

Ana nan sai Malam Haladu, malamin wasanni, ya tara su. Ya ce ranar Asabar kocin wata jami'a zai zo kallon wasansu da makarantar maƙwabta. Wanda ya burge shi, in ya ci jarrabawa, zai sami gurbi, ga karatu kyauta. Ya ƙara da cewa mutumin ba ƙafa kaɗai yake dubawa ba, yana son yaron da ya iya jan ragamar 'yan'uwansa.

Kunnen Tasi'u ya miƙe. Jan ragama! Ai shi ke nan, sun zo gidansa. Ya hango kansa a jami'a, ga jaka a kafaɗa, 'yan mata suna nuna shi da baki. Ya koma gida ya shaida wa Kawu cewa saboda shi baƙon zai zo.

Asabar da hantsi, Tasi'u ya tarar da Rayyanu a ɗakin ajiye kaya yana shiri. Ya shigo da haki kamar an koro shi.

"Kana nan zaune? Baƙo ya sauka a tasha, shugaban makaranta ya ce kyaftin ne zai je ya taho da shi. Maza! Kawo kambun in riƙe maka, kar ya ɓata a hanya."

Rayyanu, bawan Allah, ya miƙa kambu, ya zura silifa, ya tari ɗan acaɓa, ya nufi tashar da ke can ƙarshen gari. Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba motar baƙo ta shigo makaranta. Tasi'u ya ɗaura kambu a damtse, ya zura takalman ƙwallon da Rayyanu ya bari, ya ruga ya buɗe ƙofa, ya karɓe jaka.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai! Kyaftin Tasi'u ke nan."

Baƙon, wani dogo mai furfura a gemu, ya dube shi sama da ƙasa. "Madalla. Wane wuri kake bugawa?"

"Duk inda wuta ta kama, Yallaɓai."

Malam Haladu ya iso, ya ga kambu a hannun da bai sani ba. Ya ja Tasi'u gefe. "Kai, ina Rayyanu?"

"Uzuri ya taso masa, Malam. Ya bar mini amana."

Malam ya duba gabas, ya duba yamma. Ga baƙo a tsaye, ga alƙalin wasa da usur a baki, ga Kawu Sallau ya iso da babbar riga da abokansa na kasuwa. Ba yadda ya iya, ya sa Tasi'u a wurin Rayyanu.

Fiiit! Aka take wasa.

Kai, ranar an sha umarni. "Ku hau! Ku sauko! Kai, ba ni! A'a, ba shi!" Ƙwallo tana gabas, Tasi'u yana yamma yana nuni da hannu kamar mai ba motoci hanya. Da aka yi kuskure aka turo masa ita, sai ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. Ya juya ya daka wa wanda ya turo tsawa: "Haka na koya maka?" Kafin a je ko'ina harshensa ya fito, ƙirjinsa yana fat-fat, ya dafe ƙugu yana tafiya kamar mai tsohon ciki.

Kawu kuwa sai tafi yake yi. "Kun gani? Shi ba ya wahala, sa su yake yi!"

Can sai ga Rayyanu ya sauko daga acaɓa, jiki duk ƙura, ido jajir. Ya raɗa wa Malam Haladu abin da ya faru. Malam ya miƙe zumbur zai yi canji, sai ga usur: an kwashe ɗan gabansu a gaban raga. Fenariti!

Tasi'u da yake numfashi da ƙyar, nan take ya warke. Ya ruga ya fizge ƙwallo daga hannun mai bugawa.

"Kyaftin ne ke buga irin wannan."

Ya dasa ta. Ya ja baya, ya ƙara ja, har ya kusa tsakiyar fili. Ya ɗaga wa baƙo hannu. Takalman da ke ƙafarsa sun yi masa yawa, suna ƙwal-ƙwal, amma wa ya damu? Ya taho a guje, ya runtse ido, ya saki ƙafa da iya ƙarfinsa.

Fau!

Abu ya tashi kamar harsashi. Gola ya yi tsalle hagu, abin ya shige dama. Raga ta girgiza.

Tasi'u ya buɗe ido ya ga raga tana rawa. Ihu! Ya buɗe hannuwa ya zagaya, ya zo gaban baƙo ya zube a gwiwa, yana sumbatar kambu, yana dukan ƙirji. Kawu Sallau ya cillar da hula sama. "Ɗana! Ɗana ne!"

Sai dai babu wanda ya biyo shi murna. Fili ya yi tsit. Ya waiwaya. Ga ƙwallo can ta ɗan gangara kaɗan ta tsaya, lafiya lau, kamar mai jiran mota. A cikin raga kuwa takalmi ne kwance. Ya dubi ƙafarsa: safa ce, babban yatsa ya leƙo waje.

Wani yaro ya fara ƙyalƙyalewa da dariya, sai fili gaba ɗaya ya ɗauka. Gola ya kwanta yana dukan ƙasa. Alƙali ya so hura usur, dariya ta hana shi. Kawu ya tsinci hularsa, ya kaɗe ta, ya ce wa abokansa, "Bari in je, na bar shago ba kowa."

Rayyanu ya taka har cikin raga ya ɗauko takalmin, ya zo ya tsaya a kan Tasi'u.

"Ciro ɗayan. Nawa ne. Kambun ma."

Haka Tasi'u ya taka fili da safa, tsakuwa tana sukarsa, ya koma wurinsa na kullum. Rayyanu ya shiga, kafin a tashi ya zura ƙwallo, ya kuma ba wani ya zura. Baƙo ya kira shi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya dage da karatu, gurbinsa yana jiransa.

Za ka ce Tasi'u ya haƙura? Ina! Baƙo zai shiga mota ke nan sai ga shi, yana ɗingishi.

"Yallaɓai, ni fa? Ka dai ga yadda raga ta motsa."

Mutumin ya shafa gemu, ya dubi yatsan da ke leƙe.

"Na gani, ɗana, bugu ya yi kyau. Shi ya sa muka ɗauki takalmin, tare da mai shi."