Gwajin Fitilu Biyu a Ƙofar Sauri

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da gwajin fitilu ba. Haƙƙin sakatare ne ya rubuta gaskiya bayan ya tabbatar da ita. Ni kuwa na rubuta, tabbatarwar ce ta kuɓuce mini.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, unguwarmu ta Ƙofar Sauri ta kafa kwamitin yaƙi da jahilci, aka naɗa ni sakatare (ni kaɗai ke da biro kala uku). Ajin na bayan magariba ne, don haka ana bukatar fitilun ƙwai. Alhaji Sada, mai shagon bakin titi, wanda ya shekara ashirin ba a taɓa kama shi da algus ba, ya kawo wata sabuwa ya ce ta fi tsofaffin daɗewa. Na miƙe na ce zamanin karɓar magana ba hujja ya wuce.

Ranar Asabar bayan asuba na cika sabuwar da tsohuwar fitilata da kananzir daga kwalba ɗaya, na daidaita lagwaninsu da ma'auni, na kunna, na ajiye su a lungu kusa da madafa don gudun iska. Kowace awa ina leƙawa ina rubutawa. Bayan la'asar sabuwar ta mutu. Tsohuwar kuwa har aka yi isha'i tana ci abinta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta rahoto shafi huɗu, na ja jan layi ƙarƙashin kalmar «yaudara», na ba da shawarar unguwa ta daina ciniki da Alhaji Sada.

Washegari kwamiti ya zauna a zauren gidana. Ina karantawa, Alhaji Sada ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

«Malam Sakatare,» in ji shi, «ka san ni tun kana ɗan makaranta.»

«Alhaji, takarda ba ta san kowa ba,» na ce (Allah Ya yafe mini).

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar cikin gida. Maiɗakina ce.

«Malam, ɗan zo mana.»

«Ana taro.»

«Maganar hwitilar ce. Ka dai zo.»

Na ɗaga murya don kowa ya ji: «Faɗi daga nan! Mulkin farar hula ake yi, ba mu da abin ɓoyewa.»

Ta ce, «To. Itacen da ka sayo ɗanye ne. Ni na tsiyayi kananzir na hura wuta, da safe da kuma rana.»

«Daga wacce?» mai unguwa ya tambaya.

«Daga sabuwar, ranka ya daɗe. Murfin tsohuwar ya yi tsatsa, ba ya buɗuwa da daɗi. Kuma na sake kunna ta yadda na same ta.»

Duk Katsina babu gidan da mace ba ta tsiyayar kananzir a fitila don hura wuta. Kowa ya sani, ban da mai biro uku. Kokon da na sha da dambun da na ci ina rubuta awanni, da hujjata aka dafa su.

Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na girgiza. Da yamma Alhaji Sada ya zo da kansa da kwalbar kananzir, ya ce, «Ka ba maiɗakinka. Wannan na itace ne, a bar hwitila ta huta.» Da ma mari ya yi mini.

Na koyi cewa kafin mutum ya binciki kasuwa, ya fara tambayar madafa.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon duk wanda littafin kwamitin ke hannunsa ya soke shafukan nan huɗu, ya rubuta cewa Alhaji Sada mai gaskiya ne. Ina kuma neman a binciko wanda ya laƙaba mini «Malam Lagwani», domin har jikokina sun fara kira na da shi.