Ranar da Na Kira Direktanmu Makaho

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na tsufa na manta sunan jikokina, shi ne wani taron safiyar Litinin a kamfaninmu da ke Garwa, a ƙasar Kamaru. Har yau in na tuna sai in rufe fuska don kunya.

Kamfanin na rarraba kaya ne, man girki da sabulu da shinkafa, daga babban sito a Jambutu zuwa rassa har can Kolofata. Ni kuma an ɗauke ni aikin gwaji don in tsara abin da 'yan boko a nan ke kira tablo de bor, wato allon bayanai a kwamfuta da shugabanni za su kalla sau ɗaya su san inda kaya ke tafiya da inda suka tsaya. In aikin ya yi kyau a tabbatar da ni, in bai yi ba in koma gida in ci gaba da gyara wa maƙwabta waya kyauta.

Na kuwa zage. Reshen da ciniki ya yi kyau na sa masa kore, wanda ya faɗi na sa masa ja wur. Ko yaron goye ya kalla zai gane (haka na faɗa wa matata, ina kaɗa ƙafa).

Matsalar ta fara ne daga Alhaji, babban direktanmu. Dattijo ne mai sanyin magana, mutumin Pitowa. Sai ya zuba wa allon ido ya daɗe, sannan ya juyo ya ce, "Injiniya, Kolofata fa? Lafiya ko ba lafiya?" Ga Kolofata nan kore shar a gabansa! Nan take zuciyata ta ce: wani ya raɗa masa cewa allonka ƙarya yake yi, gwada ka yake.

Ban sha wahalar nemo wanin ba. Misiye Pol, tsohon ma'aikacin kwamfuta na kamfanin, mutumin kan dutse daga wajen Mokolo, wanda ya fi ni Hausa ya fi ni Fulatanci, kuma ba ya magana sai ta kama. An ce min kafin in zo shi ne ke haɗa wa Alhaji rahoto. To wa zai so wanda ya zo ya karɓe masa gaban Alhaji?

Wata safiya na buɗe allona na tarar da abin mamaki. Babu kore, babu ja. An mayar da komai shuɗi da ruwan ɗorawa, kamar zanen 'yan biki. Na mayar da launukana. Kwana kaɗan aka sake canzawa. Na sake mayarwa. Da yake mabuɗin shiga kwamfuta guda ɗaya muke amfani da shi a ofis, babu yadda zan kama hannun mai yi.

Sai na koma ɗan sandan ciki. Na juya teburina ya fuskanci na Pol. In ya tashi in bi shi da ido, in ya yi tari in nemi ma'anar tarin. Na lura yakan ɗauki kwamfutarsa ya shiga ofishin Alhaji ya turo ƙofa. Me ake rufe wa ƙofa in ba gulma ba? Ranar da ya miƙo min soyayyar gyaɗa ya ce, "Ga ta gida, Injiniya," na karɓa na yi godiya, na zuba a aljihu ban ci ba. (Allah ya yafe min, har addu'a na tofa mata.)

Matata ta ce, "Baban Ummi, ka tambaye shi mana. Bakinka ciwo yake?"

Na ce, "Ke ba ki san makircin ofis ba."

Ta ce, "Na dai san ka."

Ranar Litinin ɗin da nake ba ku labari, ita ce ranar da za a duba aikina a yanke hukunci. Shugabannin rassa duk sun hallara, har na Kolofata da ya sha hanya. Alhaji yana zaune a kujerar tsakiya, Pol yana can gefe. Na sa babbar rigata ta sallah. Tun da sassafe na duba allon, kore da ja suna nan daram. Aka haɗa kwamfuta da babban majigi, na gyara murya, na latsa.

Shuɗi da ruwan ɗorawa.

Maimakon in ci gaba da bayani kamar mai hankali, sai na ajiye abin nuni na fuskanci jama'a.

"Alhaji, a gafarce ni, amma yau sai na faɗa. Akwai wanda yake bin aikina yana ɓatawa a ɓoye." Na juya na kalli Pol, don kada wani ya yi kuskuren gane wa nake nufi. "Duk duniya an san ja haɗari ne, kore lafiya. Wanda ya zaɓi waɗannan launuka, ko dai mahassadi ne, ko kuma makaho ne da bai kamata a bar shi kusa da kwamfuta ba!"

Pol ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, na kama ka.

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga, a hankali, ya mayar.

"Injiniya," ya ce, "ba mahassadi ba ne. Makahon ne. Ni ne."

Ya ɗaga hannu ya nuna Pol.

"Pol hannu kawai ya sa, ni na roƙe shi. Tun da aka haife ni ban taɓa bambance ja da kore ba. Ina yaro a Pitowa, in inna ta aike ni tsinko nunannen tumatir, ɗanye nake cika mata kwarya da shi, in sha duka. Allonka yana da kyau, an ce min. Ni dai abu guda nake gani daga sama har ƙasa." Ya yi ɗan murmushi. "Na ce wa Pol ya rufa min asiri. Ya rufa. Kai kuma ka buɗe."

Shugaban reshen Kolofata ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙarin mayar da dariyar tari, ta ƙi. Daga nan ɗakin ya ɓarke, har da Alhajin. Ni kuwa ina tsaye cikin rigar sallah. Da ƙyar na haɗa, "Alhaji, ai ba... ai ni makahon da nake nufi daban ne." (Har yau ban san wane makaho nake nufi ba.)

"Zauna, ɓingel am," ya ce, wato ɗana. "A'a, tashi ma. Ƙarasa bayaninka. Yau dai ina gani."

Na ƙarasa, da muryar da ba tawa ba.

Bayan taro na sami Pol a teburinsa. Na tsaya ina murza hula.

"Misiye Pol, na zalunce ka."

Ya ce, "Na so in gaya maka, amma maganar ba tawa ba ce. Kai ma ka wahalar da ni fa. Ina gyarawa kana ɓatawa, har na fara zargin kana sane kake yi don ka kunyata Alhaji."

Ashe duk kwanakin nan shi ma ido yake sa min!

Ba a kore ni ba. An ƙara min wa'adin gwaji, aka ce in sake allon tare da Pol. Muka bar shuɗi da ruwan ɗorawa, muka ƙara kibiya mai kallon sama da mai kallon ƙasa, muka rubuta "ya hau" da "ya sauka" ƙarara a gefen kowane reshe. Daga baya aka tabbatar da ni. Sai dai an tabbatar min da suna ma: daga mai gadi har akanta, Likitan Ido suke kira na.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tsara wa mutum abin kallo, ka zauna ka tambaye shi me yake gani. In kuma har zuciyarka ta dage sai ka zagi wanda ba ka san ko wane ne ba, to ka fara tabbatarwa ba shi ne yake zaune a kujerar tsakiya ba.