Rasuwar Kwamfutata, Mai Riƙon Waƙoƙin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko abin da ya saura daga gare shi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, tana da shekara goma sha huɗu.

An daɗe ana cewa abin da ya shiga kwamfuta ba ya mutuwa. Ɗana ya faɗa, surukata ta maimaita, a kan haka aka juye kaset-kaset ɗinmu cikinta aka zubar da su. Ni dai shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa karɓar magana don yawan masu faɗinta ba. Na sayi ma'ajiya ta waje, ɗan baƙin akwati bai fi tafin hannu ba, na ce zan kwashe waƙoƙin da kaina in gani.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa gajiya da maimaita waƙa ɗaya sau goma ba. Da safe takan gaishe ni da "tilin", da rana ta yi ta "fuuu" kamar mai hura garwashi. Ita ta riƙe mini waƙa dubu uku da ɗari da goma sha biyu. A cikinsu akwai guda wadda ba mawaƙi ya yi ta ba: baban yara ne yana guga yana rera wani abu ba kai ba gindi, ya yi tari, ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana. Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Babu muryarsa a ko'ina sai nan.

Ciwon ajalinta ya fara da zafin jiki da yawan suma. Daga baya sai "ƙit, ƙit, ƙit" daga cikin ciki. A wannan makon na yi kwasar. Da na gama, na yi abin da na saba yi a aji: na ɗauko littafina na yi kiran suna, ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu. Kowace waƙa na ga sunanta a akwatin, na sa mata maki. Ba wadda ta yi fashi. Ban kunna ko ɗaya ba.

Mai gyara ya buɗe ta, ya kara kunne, ya rufe. Ya ce faifan cikinta ya karce, ba abin da zai fito. Ya duba akwatin kuma, ya girgiza kai ya miƙo mini shi.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, lasifika biyu, ɗaya kurma, da ɗan akwatin nan.

Za a kai ta shagon mai gyara ranar Asabar da ƙarfe goma, ya cire allon ya sa wa wata. Ana karɓar gaisuwa a falo daga ƙarfe huɗu. Mai niyyar ce mini "da kin tambaya", ya yi zamansa a gida.

Ashe jerin sunayen kawai na kwashe cikin akwatin, ba waƙoƙin ba. Lamba ta ɗari takwas da bakwai tana nan, "Baban yara yana guga", minti huɗu da daƙiƙa shida. Na danna. Babu sauti.