Ranar da Na Yi Ɗinki da Allura Ba Zare

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ɗan Malam Tanimu ba, a cikin Birni, shekarun nan da Nasara suka sauka Damagaram suna ta gina barikinsu. A lokacin kuwa in ana maganar ɗinkin babbar riga, sunana ake fara kira. Aska biyu, aska takwas, duk wasa ne a hannuna. (In faɗi gaskiya, ni ma nakan taya mutane yabon kaina.)

Abin da gari bai sani ba, idona ya fara yi mini gardama. Raƙumi na can bakin ganuwa ina iya gaya maka na wane ne, amma kafar allurar da ke hannuna sai ta ɓace mini. Yankan farce ya koma yankan nama. Ƙaya ta shige mini ƙafa, sai dai in yi ta ɗingishi da ita. Alƙur'anina kuwa sai na miƙar da hannu iyakar tsawonsa, kamar mai gudun hayaƙi. Abin yana cina ƙwarai, don allurar nan da ita nake ciyar da gidana.

Sai na ƙulla dabara da matata Hajara. Kullum da safe takan zura mini zare a allura goma sha biyu, ta soke su a tsumma, in fita zaure in yi ta aiki da lalube da sabo. Takan ce, “Malam, ka faɗa wa mutane mana, tsufa ai ba sata ba ne.” Ni kuwa sai in harare ta.

Ranar auren muna zaune a ƙofar gidan amarya, ana jiran liman, sai Malam Tanimu ya yafito ni. Shi ne uban ango, rigar da ke jikinsa kuma ni na ɗinka. Gindin aljihun gabanta ne ya farke.

“Ga mai abu a kusa,” in ji shi. “Taimaka mini kafin liman ya iso.”

Nan da nan aka fito da allura da zare daga cikin gida. Allura tsirara! Na lashi bakin zare, na murza, na kai, ya wuce. Na sake, ya wuce. Na juya wajen haske, na matso da ita, na nesanta ta, duk a banza, ga idon surukai a kaina. Da na ce wani ya zura mini, da shi ke nan. Amma girman kai rawanin tsiya, sai na yi gyaran murya, na ja hannu sama kamar zare ya shiga, na duƙufa.

Wallahi ban taɓa ɗinki mai kyan gani kamar wannan ba. Na soka, na zaro, na soka, na zaro, har da ƙulli na yi, na kai baki na ciji iska. Sannan na shafe wurin da tafin hannu na ce, “Ranka ya daɗe, kada a sa komai a ciki yau, a bar ɗinkin ya kwanta.” (Shekara talatin ina sana'ar nan, ban taɓa jin ɗinki na kwanciya ba sai a bakina.)

Bai ji ba. Liman na isowa, Malam Tanimu ya ɗebi farin goron da ya tanada don manya, ya zuba a aljihu, ya miƙe da fara'a zai tarye shi. Sai ji muka yi fatatata! Goro ya watse cikin rairayi, wani har gaban liman.

Ari taubashina, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya leƙo fuskata ya ce, “Sarkin ɗinki, in zaren kake nema, ga shi nan a gemunka yana lilo.”

Dariyar da aka yi har mata suka leƙo ta katanga. Na so ƙasa ta tsage. Malam Tanimu bai yi dariya ba, kallona kawai ya yi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Kwana uku ban fita ba, ba kuma wanda ya kawo ko hula. A na huɗu na ce ba za a binne ni da raina ba. Na taka har unguwar Zango wurin wani Balaraben Tarabulus da aka ce yana da madubin ido irin na Nasara. Na gwada guda biyar, a na shida na ga zanen tafin hannuna sarai. Sai da na yi ƙwalla, nan take na saye shi.

Daga can gidan Malam Tanimu na zarce. Na durƙusa na ce, “Na yi maka ƙarya a gaban surukanka. Idona ne ya gaza, na ɓoye. A ba ni rigar.”

Ya sa aka ɗauko. A ƙofar gidansa na zauna, rana tsaka, na ɗaura madubin da igiya a ƙeya. Masu wucewa suka tsaya, Ari na ihu wai a zo a ga sabon Kumandan, wato shugaban barikin Nasara, don shi ma madubi yake sawa. Na ƙyale shi. Na ɗaga allura sama yadda kowa zai gani, na zura zare bugu ɗaya, na ɗinke aljihun. Malam Tanimu ya sa hannu ya ja da ƙarfi har sau biyu, sannan ya ce ƙaninsa ma yana son riga kafin salla.

Har yau Kumandan ake kirana a Birni, ina kuma amsawa. Na dai gane, tun da dariyar ba makawa sai an yi, gara a yi maka ita da madubi a hanci da a yi maka da zare a gemu.