Sai-Na-Zo da Allonsa Mai Mantuwa

Allah ya yi wa Madawa baiwa iri-iri: ga albasa, ga babbar hanya, ga kuma Anjiniya Abdulmumin. Albasa tana da lokacinta, hanya takan lalace da damina, amma Anjiniya kullum cikin ganiyarsa yake. In ya zo ɗaura maka ƙwan lantarki, sai ya ba ka tarihin kuran, wato wutar lantarki, tun daga tushe, kana riƙe masa kujera. Gilashinsa biyu ne, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, domin ilimi irin nasa ya fi ƙarfin gilashi guda.

Da na'urar wani ƙaramin gidan rediyo ta fara yawo, yau a kama tashar a nan gobe a can, shugabar gidan, Madam Zuhura, ta kai kuka gare shi. Ya kara kunne jikin na'urar, ya ce abin da ke ba ta bugu ne ya tsufa. Ya sa aka aiko daga waje da wani ɗan koren allo na gwaji, bai fi tafin hannu ba. Aikin allon kiɗa ne. Yana ba da bugu daidai wa daida, na'ura tana binsa, yadda manoman gayya ke bin ganga. In ya yi shiru, rediyo ya yi shiru.

Abu biyu allon yake so a zaɓa masa. Na farko inda zai sha wuta. Akwai wani ɗan baƙin maƙalli kamar ƙwayar wake: a sa shi hagu, allon ya sha daga batirin hasken rana da gidan duka ke aiki da shi, a sa shi dama, ya sha kuran na bango, wanda kowa ya san halinsa. Na biyu karatunsa. Ana iya rubuta masa bugun sau ɗaya ya riƙe har abada, ko kuwa a riƙa biya masa daga ordinatar, wato kwamfuta, ya riƙe muddin akwai wuta, da ta ɗauke ya manta.

Anjiniya ya yi nazari mai zurfi. Ya zaɓi kuran na bango, ya zaɓi mantuwa.

"Madam, kimiyya ba tuwo ba ce," in ji shi. "In munka rubuta mishi har abada, ya zan jahili, ba shi ƙara koyo. Ilimi sai da bita. Batir kuwa na mutanen ƙauye ne. Wanga allo ɗan birni na, da kuran ya saba."

Tun daga ranar, duk sa'ad da aka ɗauke kuran, komai na gidan rediyon yana nan yana aiki, allon kaɗai ke mantuwa. Sai a tura ɗan kabu-kabu ya kirawo Anjiniya. Anjiniya ya yi wanka, ya shafa turare, ya iso rungume da ordinatar, ya fitar da kowa daga ɗakin, a kawo shayi. Can sai murya ta dawo, mai gabatarwa ya gode masa da cikakken sunansa. Haka ya samu laƙabin Sai-Na-Zo. Masu hassada ne suka raɗa masa, shi kuwa ya sa aka rubuta masa a bayan moto, wato babur ɗinsa.

Gaskiya an ɗan sha wahala. An taɓa sanar da jana'iza bayan an dawo daga maƙabarta. Wani mai cigiyar raƙumi ya jira har raƙumin ya gaji ya koma gida da kansa. Madam Zuhura ta roƙi a mayar da ƙwayar waken nan hagu, ya ce ta yi haƙuri, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Abu ɗaya ke ci masa rai. A Babankatami, garinsu, har yanzu Mumini mai gyaran tocila ake ce masa, kuma abin yana yi masa ciwo ƙwarai. Don haka ya sa aka naɗi dogon shiri a kan rayuwarsa, aka ce za a watsa ran Juma'a bayan la'asar. Ya tafi gida da ordinatarsa, don ba ya barin ta a hannun jahilai. Ya yanka rago. Aka shimfiɗa tabarmi, ga mai gari, ga liman, ga Gwaggo Fatsima da ta goye shi. Aka kife turmi aka ɗora rediyo, aka ɗaure eriya a kan rumbu.

"Jama'a, ga shirin da kuke jira," in ji mai gabatarwa, "tare da babban..."

A Madawa kuran ya ƙifta. Bai ma tafi ba, ƙiftawa kawai ya yi.

Rediyo ya kama shuuu. Anjiniya ya girgiza shi, ya zargi eriya, ya zargi rumbun. Sai salularsa ta yi ƙara, ya buɗe muryar wayar yadda ya saba don jama'a su ji ana nemansa.

"Anjiniya, allonka ya mance," in ji Madam Zuhura. "Ga shirinka nan cikin inji. Muna jira, sai ka zo."

Ya dubi ordinatar da ke kan cinyarsa. Ya dubi hanyar Madawa, ga hadari ya haɗo ta can.

Mutanen Babankatami masu kara ne. Suka zauna suna sauraron shuuu cikin ladabi har nama ya ƙare. Liman ya shafa fatiha, mai gari ya ce shiri ya yi kyau, ba hayaniya. Da aka fara naɗe tabarmi, Gwaggo Fatsima ta matso, ta laluba cikin zaninta.

"Mumini, tunda Allah ya kawo ka," ta ce, "duba mini wagga tocila, ta bar kamawa."